Dusa a Cikin Karfasa

Malamar Kifi ta faɗa har bakinta ya gaji cewa aikinta ba kamun kifi ba ne, amma babu mai saurarenta a bakin tafkin nan. Duk damina ma'aikatarsu kan turo ta ta shimfiɗa raga a wuraren da aka riga aka zaɓa, ta auna abin da ya shiga, ta ɗan yanke masa ƙaya don shaida, ta mayar da shi ruwa. Da abin da ta gani ake yanke shawarar a rufe tafkin kifi ya hayayyafa, ko a bar masunta su ci gaba. Ko raga ta fito wayam, a wurinta amsa ce.

A wurin Kawu kuwa abin kunya ne. Ƙanin mahaifiyarta ne, tsohon masunci, shi yake tuƙa mata kwalekwale, kuma shi ne ciwon kanta na bana.

"Nan babu kifi, 'yar nan. Mu matsa gindin ciyawar can."

"Kawu, ai rashin nasa nake son in gani."

"To ga shi kin gani. Sai mu je inda yake."

Kullum haka. In suka dawo gaɓa, masu ɗinkin raga su tare ta da tsiya: "Malama, yau ma ruwa kika auno?" Ita ko a jikinta, amma Kawu sai ya sunkuyar da kai kamar shi aka zaga.

Kwatsam sai raga ta fara nauyi. Duk inda suka je, karfasa ce maƙil, sai sheƙi take. Malama ta yi murna, har ta buga wa ogansu waya tana cewa da alama tafki ya farfaɗo. Kawu kuwa tafiyarsa ma ta canza, yana sauka daga kwalekwale yana gyaran murya.

Abin da ya fara damunta shi ne, waɗanda ta yi wa shaida su ne suke ta dawowa, kullum suna ƙara ƙiba. Ran nan ɗaya ta mutu a raga, Malama ta sa wuƙa ta tsaga cikin don ta ga abin da suke ci. Ta duba, ta murza da yatsa, ta sake dubawa. Dusa ce.

"Kawu, tun yaushe karfasa ta koma cin abincin kaji?"

Ya tsura wa filafilinsa ido. "'Yar kaɗan nake watsawa kafin ki fito. Ina dalili 'yar 'yar'uwata ta zama abin dariya?"

Takaici ya kama ta. Da wani ne, da yau ya ji abin da bai taɓa ji ba. Amma wannan shi ya goya ta a kafaɗa tana ƙarama, ina bakin yi masa faɗa? Aikin rabin damina ya bi ruwa ke nan. In ta kai shi a haka, za a ce kifi ya wadata a bar tafki a buɗe, baɗi ko ƙaya ba za a samu ba. Dole ta sake daga farko, ga rana, ga sauro, ga ogan da za ta kira ta janye maganarta.

"Don Allah, Kawu, ka daina taimakona," ta ce. Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Ta jira kifin ya watse, sannan suka koma. Da ta janyo raga, sai ganye, da silifa ƙafa ɗaya, da 'yan karfasa biyu da ba su kai tafin hannu ba. Ta shirya jin mita, amma Kawu ya daɗe yana kallonsu, sannan ya tambaye ta:

"Wannan za ki kai musu?"

"Shi ne abin da yake ciki, Kawu."

"Na fi ki sani." Ya ajiye filafili. "Dusar nan ba don ke na fara nemanta ba. Tun bara, ni ma sai na watsa nake samun na miya."

Ta auna ta farko ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya ya sake ta a ruwa a hankali.

"Yi sauri da ɗayar kar ta mutu," ya ce. "In za su rufe, su rufe tun da sauran waɗannan."