Fuskar da Kogi Ya Ƙi Ci

A ƙauyen Shimulia, bakin kogin Jalangi, har yara sun san Uwa Durga, allahiyar da mutanen garin ke bauta wa, baƙuwa ce. Sau ɗaya a shekara take zuwa ganin gida, ta yi 'yan kwanaki, sannan a raka ta kogi ta narke, ta koma wurin mijinta can kan duwatsu. Shi ya sa da ɗanyen yumɓu ake gina siffarta. Wuta ba ta taɓa ta.

Haradhan Pal ne ke wannan aikin, gadon ubansa. Ya ɗaure gora da karan shinkafa, ya shafa yumɓun kogi, ya fitar da hannaye goma da zakin da take hawa. Kan kuwa daban ake yin sa, a ɗora daga baya.

Shekarar da matarsa Malati ta rasu da damina, yana zaune yana murza kan, ya ja baya don ya duba, sai ga fuskar Malati. Ba da niyya ba. Haɓar nan mai ɗan karkata, da leɓen da take cijewa in tana tsince tsakuwa a shinkafa.

Gopen makaɗi ya leƙo rumfar aikin, ya dafe ƙirji.

"Kai Yaya! Wannan ai matarka ce. Saura ka ƙara mata hannu ɗaya da ludayi, ta ƙwala maka a ka yadda ta saba."

"Tafi can da gangarka, kurman banza. Uwa ce."

"To wa ya ce ba Uwa ba ce? Wace mace ce a garin nan ba ita ba?"

Gopen ya tafi yana dariya. Haradhan bai yi ba. Malati ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ga shi kuma nan da 'yan kwanaki kogi zai lashe wannan ɗin ma. Da maƙwabcinsa ya tashi toya tukwane, sai ya naɗe kan a buhu ya cusa shi cikin wutar. Ya fito ja, in an ƙwanƙwasa yana amsawa. Ya shafe shi da fenti, ya zana idanu, ya ɗora shi a kan jikin, ba wanda ya gane an toya shi.

Aka yi biki lafiya. Ranar sallama mata suka shafa wa Uwa jan gari a goshi, suka sa mata alawa a baki, suka raɗa mata a kunne, "Sai baɗi, Uwa." Samari suka jefa ta ruwa.

Da ruwa ya ja baya, mata masu wanki suka dawo gari da gudu. Jikin ya narke, zakin ya narke, amma ga kan nan a cikin taɓo, fenti ya wanke, tana kallon sama.

"Uwa ba ta tafi ba!"

Takur mai jagorantar ibada ya zo bakin kogin, ya daɗe yana kallo. Bai ɗaga murya ba.

"Haradhan, 'yar wa ke zuwa ganin gida a kulle mata ƙofa? In ba ta tafi ba, ta ina za ta dawo mana baɗi?"

"Ranka ya daɗe, a bar ni in kai ta gida. Ba wanda zai ƙara ganinta."

"Ba taka ba ce kai kaɗai."

Ba mai iya taɓa ta sai wanda ya gina ta. Haradhan ya tattare zanen da ya ɗaura a ƙugu ya shiga taɓon, ya rungumo kan, ya ɗora a kan dutsen wanki. Toyayyen yumɓu ba ya jin ruwa, sai dai a daka shi ya koma gari. Wata tsohuwa ta miƙo masa dutsen niƙa tana kau da kai.

"Gopen," ya ce, "kaɗa mata na sallama."

Gopen ya buɗe baki kamar zai yi tsokana, sai ya rataya gangarsa.

Bugun farko a goshi ya sauka. Haradhan ya yi ta daka har rana ta take, yana ɗiban garin da tafin hannu yana zuba wa kogi. Abin da ke cin ransa ɗaya ne: da ya bar ta ɗanya, da ruwa ya ɗauke ta sannu a hankali, kamar ana wanke mata fuska, ba sai hannunsa ya dake ta ba.