Fari Tas a Cikin Ledarsa

A layinsu Kar-a-ɓare ake ce masa, kuma yana amsawa ba ko kunya. Kujerun falonsa har yau suna cikin ledar da suka zo da ita, baƙo ya zauna ya tashi bayansa sharkaf da gumi. Rimot a leda, agogon bango a leda. Matarsa ta taɓa cewa da a leda ake haifo jarirai, da Auta tana ciki har yanzu.

Autar nan ita ce ta hana shi sakat. Benen da suke haya yana fuskantar babban titi, a bayansa kuma masana'antar narka ƙarfe ce. Ka goge taga da safe, kafin azahar za ka iya rubutu da yatsa a kanta. Yarinyar tana da asma, in abin ya motsa sai ƙirjinta ya riƙa fito kamar butar shayi, uban ya rasa inda zai sa kansa.

Ba shi kaɗai ba, duk unguwar saye ake yi. Wannan ya sayo takunkumi mai bawul, wancan ya canza labule, maƙwabciyarsu ta cika baranda da tukwanen furanni wai suna shanye hayaƙi. Shi ma duk ya yi, tarin bai ragu ba. Ranar da ya ga na'urar tace iska a wani kanti, sai da ya zagaya ta ya sake zagayawa. Kafin mako ya fita ya sayar da babur ɗinsa ya sayo ta.

Da hannunsa ya haɗa ta a ɗakin Auta. Ya buɗe bayanta, ya tarar da matacin a naɗe cikin leda mai kauri, fari tas.

"Kin ga masu hankali," ya ce wa matarsa. "Sun san ƙurar garin nan."

Ya mayar da murfin ya danna. Koriyar fitila ta kama, na'ura ta ɗauki gurnani. Littafin bayaninta ma a ledarsa ya ɗora shi saman durowa. Mai kanti ya ce a rufe ɗaki ruf, saboda haka ya bi tagogi da salatif, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa.

Amma hankalinsa bai kwanta ba. A shagon buga takardun da yake aiki, yana jera takarda yana duba waya.

"Maman Auta, tana kunne?"

"Tana kunne."

"Fitilar koriya ce?"

"Don Allah ka bar ni na yi wanki, ɗazu fa ka tambaya!"

Da yamma yanzu a ƙasa yake dawowa, ta gefen titi, yana haɗiyar hayaƙin manyan motoci yana lallashin kansa da cewa ita dai tana can cikin iska mai kyau. Ya hana ta fita wasa. Ya hana a buɗe tagar ko da iska ta juya. Auta ta zauna a ɗaki mai zafi ita da gurnanin na'ura, tana ramewa, maganin shaƙarta yana ƙarewa da wuri. Tsoro ya kama shi sosai, sai ya ƙara wa tagogin salatif.

Wata safiya numfashinta ya sarƙe, leɓɓanta suka canza launi. Ya saɓe ta a kafaɗa ya sauko bene da gudu, hannunsa ya kai aljihu neman makullin babur, babu. Haka ya tsaya bakin titi yana ɗaga wa motoci hannu yana ihu, har wani mai tasi ya tausaya.

An samu kanta. Da suka dawo da la'asar aka kwantar da ita, matar ta durƙusa gaban na'urar.

"Likita ya ce mu duba matacin. Wai a unguwa irin tamu ya isa ya yi baƙi ƙirin, ƙila ya toshe."

Ta cire murfin. Matacin yana nan yadda ya bar shi, fari tas, ko ɗigon ƙura babu.

"Kin gani ko?" Bakinsa ya riga tunaninsa. "Da an cire ledar ai da tuni ya..."

Bai ƙarasa ba. Matar ta miƙa masa hankicin da Auta ta yi tari a ciki a asibiti. Ya buɗe. Majinar duk baƙin hayaƙi ce.

Ya sa yatsu zai yage ledar, ta ƙi. Ya kai ta baki ya ɓarke da haƙori. Da ya mayar ya kunna, gurnanin ya sauka, iska ta fito har gefen zanen gadon ya motsa.

Auta ta buɗe ido ta dube shi, muryarta a dashe.

"Baba, ka ɓare? Zai fa yi datti."