Fayilolin da Dogo Ke Taɓawa

Kwana uku ke nan gini yana rushewa a hannun Auta, kuma kullum da hantsi.

Ba ginin bulo ba ne. A ɗan kamfaninsu, inda ake haɗa na'urorin lura da sanyin ɗakunan ajiye magani, gini suke ce wa harhaɗa babbar manhajar da ke tafiyar da na'urorin, tun daga ɗanyen kod, wato rubutaccen umarnin kwamfuta, har ta zama abin ɗorawa. Awa shida yake ci a kan saba, babbar kwamfutar kamfanin. Ana buɗe ofis ƙarfe takwas, ƙarfe huɗu a kashe komai, don haka sau ɗaya tak mutum zai gwada a yini. Shekara bakwai yayanta Dogo ne ke yin wannan aiki. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa, aka ba ta kujerarsa, tunda shi ya koya mata aikin a gida.

Ranar Laraba da safe Manaja ya leƙo, bai ma shigo ba.

"Auta, ba na son in matsa miki. Amma in muka tashi gobe bai kammala ba, za a goge sabar nan mu sayo manhajar da kowa ke saye. Ba za mu zauna rungume da aikin da mai shi kaɗai ya san kansa ba."

"To, ranka ya daɗe," ta ce, muryarta can ƙasa.

Ta sake farawa. Da hannunta ta zuba sababbin fayilolin heda, waɗannan ƙananan fayilolin da ke gaya wa sauran kod sunan kowane abu da siffarsa, sannan ta tayar da gini. Rubutu ya yi ta gudu a allo kamar ruwan kwata. Goma ta gota kaɗan, sai ya tsaya cik. Jan layi ya ce bai san wani suna ba, sunan da ta gani da idonta ɗazu a cikin hedar.

Wannan karon ba ta koma cikin kod tana lalube ba. Hedar ta buɗe.

Ba wadda ta zuba ba ce. Tsohuwa ce, kuma a samanta akwai layi ɗaya da ba na na'ura ba: "Kar wanda ya taɓa wannan. E, da kai nake." Har muryarsa sai da ta ji, da yadda yake jan "E" ɗin. Ta duba wanda ya taɓa fayil ɗin a ƙarshe. Yau, ƙarfe goma da minti ashirin. Sunan: dogo. Ta duba na kusa da shi, da na kusa da wancan. Fayil arba'in da ɗaya, duka yau, duka shi.

Ta janye hannu daga madannai ta cusa a cinya.

"Ke, lafiya? Kin yi tsuru kamar kazar da ruwa ya daka." Baba Injiniya ne, dattijon da ke haɗa wayoyin na'urorin a teburin gefe, ya ɗago yana kallonta ta saman tabarau.

"Baba, zo ka gani. Yaya ne."

Ya zo ya sunkuya, ya karanta sau biyu, leɓensa na motsi. Sai ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Dogon da da ransa ma har sha ɗaya yana zaune yana hamma? Yanzu ne zai koyi sammako?"

"Baba, don Allah."

"Yi haƙuri, 'yata. Allah Ya ji ƙansa." Ya ja kujera ya zauna yana shafa gemu. "Tsaya. Shekara uku da suka wuce na ɗora wata manhaja a sabar nan, ashe ta bi ta kan hedojinsa ta danne su da nata. Mako guda yana neman ciwon, har ya rame. Da ya gano ni ne, kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Ya ce sai ya sa musu mai gadi. Ni na ɗauka baƙar magana ce."

Suka bi wayoyin bayan saba ɗaya bayan ɗaya. Wata shuɗiya ta bi gindin bango, ta kewaya, ta dawo ƙarƙashin teburin Auta, bayan wani kwali. Da Baba ya ja kwalin sai ga wata tsohuwar kwamfuta, ƙura ta yi mata bargo, fankarta na numfashi a hankali. Da an kawo wuta take tashi da kanta. Wata huɗu Auta tana jin ɗumi a ƙafafunta in ta zauna, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ba ta kuma taɓa leƙawa ba.

"Ga mai gadin," in ji Baba. "Kullum goma da ashirin zai duba hedojin, in sun saɓa da waɗanda Dogo ya damƙa masa, ya mayar da tsofaffin."

"To mu ba shi sababbin mana, ya ci gaba da gadinsa."

Sun gwada har aka tashi. Kwamfutar tana neman kalmar sirri, kalmar kuwa ta tafi da mai ita. Abu ɗaya ya rage: a zare shuɗiyar waya.

Ranar Alhamis ta zuba sababbin hedoji, ta tayar da gini ƙarfe takwas daidai. Baba ya tambaye ta ko ta zare, ta ce e, ba tare da ta kalle shi ba. Tara ta yi. Goma ta yi. Ita dai tana zaune, idonta a agogon kusurwar allo. Ta san sarai ba Dogo ba ne. Amma a duk faɗin duniya, nan ne kaɗai ake rubuta sunansa kusa da kwanan watan yau.

Goma da kwata Baba ya sunkuya ɗaukar sukudireba, ya hango 'yar koriyar fitilar wayar tana ƙiftawa.

"Auta."

"Baba, shi kaɗai ya rage da ke motsi da sunansa."

"Na sani. Amma mai gadi ne da ba a gaya wa maigida ya rasu ba, yana ta korar magada daga ƙofa. In kika bar shi, yau za a goge shekara bakwai." Ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa. "Ni ba zan zare ba. Na taɓa taɓa masa kaya sau ɗaya, ya ishe ni."

Ta durƙusa ta shiga ƙarƙashin teburin. Wayar da ɗumi. Ta yi bismillah, ta ce, "Yaya, ni ce," kamar mai sallama a ƙofar ɗaki, sannan ta ja.

Goma da ashirin ta zo ta wuce. Rubutu bai tsaya ba. Duk da haka ba ta tashi cin abinci ba, ko ruwa sai da Baba ya dire mata a gaba.

Biyu da 'yan mintuna gini ya kammala. Baba ya ɗora shi a na'urar gwaji, Manaja na tsaye a bayansu da hannu a aljihu. Na'urar ta yi ƙara ɗaya, ta tashi, ta fara karanta sanyin ɗakin.

"Alhamdulillahi. Sabar ta tsira," in ji Manaja, ya fita yana danna waya.

Layin farko da na'urar ke nunawa in ta tashi shi ne na wanda ya gina manhajar, da ranar da ya gina ta. Auta ta matsa ta karanta. Ranar yau ce, sunan kuma nata.

"Ana iya canza wannan layin ya koma sunan Yaya?" ta tambaya.

"Ana iyawa," in ji Baba. "Sai dai a sake ginin daga farko. Kuma ƙarya za ki sa ta yi."