Turken Isah

Maƙabartar Hausawan unguwar tana bakin wani rafi mai gishiri a gefen Fatakwal, inda ruwa ke hawa da sauka sau biyu a yini. A layin ƙarshe, wajen ruwa, aka binne Tabawa, mahaifiyar Isah.

Ranar binnewa ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Baba Gimba mai haƙan kabari yana watso ƙasa, sai ga ɓawon kodin teku fari fat a cikinta. Isah ilimin ƙasa da duwatsu ya karanta a jami'a, ya san abin da ɓawon yake faɗa.

Bayan sadakar bakwai ya tsaya gaban dattawa a ƙofar masallaci.

"Ranku ya daɗe, teku ta taɓa kwana a nan. Daga baya ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya, ta riƙe ruwa, teku ta sauka fiye da mita ɗari. Da ƙanƙarar ta narke, ta dawo. Yanzu ma narkewa take yi. A ɗauke layin ƙarshe tun da sauran lokaci."

Alhaji Mijinyawa, shugaban unguwa, ya gyara zama. "Yaro, kai da ba ka san wata ƙanƙara ba sai ta cikin zoɓo? Shekara arba'in muna binne mutane a nan."

Aka kwashe da dariya. Tun daga ranar ya zama Malam Ƙanƙara. Haka suke: abin da bai faru a gaban idonsu ba, bai taɓa faruwa ba.

Isah bai haƙura ba. Ya sari itace, ya ƙirga taku ashirin daga kabarin uwarsa zuwa wajen ruwa, ya kafa turke.

"In ruwa ya wuce wannan fa?"

"Ran nan mu tone su da hannunmu," in ji Alhaji. "Na yi alkawari."

Aikin haƙa rijiyoyin burtsatse ya kai Isah Inugu. Kafin ya tafi ya ce wa Baba Gimba, "Baba, ga amana. Ka kula mini da turken nan."

Damina biyu bai zo ba. Duk Juma'a yakan buga waya.

"Baba, ruwa ya wuce turke?"

"Bai wuce ba, Malam Ƙanƙara. Turkenka na nan tsaye, ya fi ni lafiya."

Sai ya ji sanyi a ransa, ya ɗage zuwansa sai wani watan.

A Satumba aka kwana huɗu ana ruwa, ya haɗu da babbar cikar teku. Isah ya iso da hantsi, ya sauka daga babur ɗin okada a guje. Layin ƙarshe babu shi, na bayansa ma babu. Ruwa ne shimfiɗe, launin shayi, leda na yawo a kai. Turken kuwa yana tsaye a kan busasshiyar ƙasa, kusa da ƙofar maƙabarta.

"Baba, wa ya kawo shi nan?"

"Ni mana." Gimba ya goge laka a gefen rigarsa. "Aikina ke nan, ba na barin alama ta faɗi. Duk sanda ruwa ya taɓa gindinsa sai in cire in matso da shi inda ƙasa ke da tauri. Amana ka ba ni, ɗana. In bari ruwa ya tafi da shi?"

"Sau nawa?"

Tsohon ya fara ƙirgawa da yatsu. Da ya kai na shida ya tsaya, ya dubi ruwan, ya dubi Isah.

Alhaji Mijinyawa na tsaye a baya, babu wanda ya yi dariya. "Mu ma turken muke hange daga ƙofa," ya ce a hankali.

Isah ya tanadi maganganu masu zafi na shekara biyu, ko ɗaya ba ta fito ba. Shi ma turken yake tambaya duk Juma'a. Bai taɓa cewa yaya kabarin Inna ba.

Ya naɗe wando ya shiga ruwan. Da ya kai gwiwa ya tsaya cak, don bai san inda zai sa ƙafa ba tare da ya taka ta ba. A nan ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, yana juyawa dama da hagu, ko ta dace da inda take.