Idon Ummukulsum da Waken Gwaggo

"Ba za mu shiga motar nan ba, Yaya," in ji Gwaggo Ladidi.

Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin jarirai na asibitin Funtuwa da makulli a hannu. Tun daga Kafur ya taso ya ɗauke ni zuwa wankan gida, an riga an tara itace. 'Yata Ummukulsum bakwaini ce, ta daɗe a kwalba da robar iska a hanci, ranar aka sallame mu. Amma likitar ido, Dakta Folasade, ta ce a riƙa kawo ta duk Alhamis. Jijiyoyin bayan idon bakwaini kan yi mugun tsiro, in ba a tare da wuri ba yaro ya makance.

"Ladidi, ni kike gaya wa haka? Dubi idon yarinyar nan, garau!"

"Baba, a ciki ciwon yake ɓuya," na ce. Ban yi karatun malanta don in riƙa sunkuyar da kai ba.

"Sai a kawo ta daga gida."

"Wa zai kawo ta?" in ji Gwaggo. "Mai jego ta shiga gidanka ta fito kafin ta cika arba'in ɗin wanka? Tsofaffin nan za su bari? Na san gidanmu, Yaya."

Ya ja motarsa bai yi mana sallama ba.

Muka sauka ɗakin wata ƙawar Gwaggo a bayan tashar jirgin Funtuwa. Mijina yana aiki a Fatakwal, sai dai waya. Gwaggo ce ke hura wuta da asuba, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta gasa ni har in yi ƙara. Da rana ta ɗaura jaririyar a ƙirjinta ta ce in kwanta.

Ranar Alhamis a ɗiga magani, a buɗe fatar ido da ɗan ƙarfe, likita ta haska fitilar goshinta. Duk tsananin kukanta ban taɓa fita ba. Gwaggo ke riƙe kan jaririyar.

"'Yar Yarabawa, a hankali da idon ƙawata."

"Gwaggo, nan garin aka binne cibiyata," in ji likitar. "Ke ce baƙuwa. Riƙe ta sosai."

Ana cikin haka kaka ta yi. Aka bugo wa Gwaggo cewa waken soyarta ya bushe, ya fara fashewa a gona, kuma Baba ya hana kowa a gida ya taɓa shi. Na ce ta tafi, zan iya.

"Ki iya me? Kin iya kan wuta ne? Zauna."

Wata Alhamis likita ta daɗe tana duba idon dama. Ta ɗago ta ce, "Ya fara. Gobe Zariya." Can aka ƙone mugun tsiron da hasken na'ura, ido biyun duka.

Yau Ummukulsum tana tsintar ƙwayar gero a tabarma. Gwaggo kuwa ko buhu ɗaya ba ta ɗauka a gonarta ba, sai da ta sayar da awakinta ta ci shekarar. Baba ya huce ya dawo amsa gaisuwata, amma har yanzu ba ya amsa tata.