Shatin Yatsu a Rufin Fijo

Jakar kaya ɗaya. Kwali mai injin goge fenti. Soso biyu, mai kaushi da mai laushi. Gwangwanin man goge mota. Tsummoki. Iyakar abin da Ndanusa ya ɗauko ke nan, kuma kwalin yana kan cinyarsa tun daga Suleja, don direba ya ce but ɗin motar ya cika.

Yana karatu a Malesiya mahaifinsa ya rasu. Kafin labari ya same shi har an binne. Bai ga gawa ba, bai taɓa makara ba. Yanzu an zo rabon gado, kuma Baba Alfa, ƙanin mahaifin nasa, ya ce a sayar da tsohuwar Fijo ta marigayin. Ya ma samo mai saye. Fentin ne kawai ya dushe, sai a ɗan gyara mata fuska.

A shagon da Ndanusa ya sayi injin a Abuja, iri biyu aka nuna masa. Ɗaya yana juyawa yana karkarwa, ba ya ƙona fenti, amma yana cin lokaci. Ɗayan juyi kawai yake yi kamar fanka, aikinsa da sauri, sai dai in hannu ya tsaya wuri guda yakan cinye fenti har ƙarfe. Ya ɗauki mai saurin. So yake ya gama ya koma.

Ƙanwarsa Aziza ce ta buɗe masa garejin gidansu a unguwar Maitumbi washegari da hantsi. Ta leƙa cikin kwalin.

"Yaya, tsarabar Malesiyar ke nan? Injin markaɗe?"

"Miƙo mini bokiti."

Ya wanke motar ya bari ta bushe. Shuɗiya ce a da, yanzu ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka. Ya ɗaura soso mai kaushi, ya ɗiga mai a kai, ya shafa a bonet kafin ya kunna don kada ya fantsama. Ya fara a hankali. Ya kwantar da soson daidai, yana tafiya da shi hagu da dama, sannan sama da ƙasa, yana kauce wa bakin ƙarfe inda fenti ba shi da kauri. Soson ya rine ya koma shuɗi. Wato fentin da kansa yake tashi, mataccen na sama yana fita, mai rai na ƙasa yana bayyana.

Da ya goge bonet da tsumma, sai ga launin da ya sani tun yana ɗan firamare. Ya ga kwanon rufin gareji a ciki, ya ga wani mutum mai gemu ya sunkuyo yana kallonsa. Ya ɗan jima kafin ya yarda shi ne. Ba shi da gemu lokacin da ya bar gida.

Ya gama gefen fasinja, ya hau benci ya kama rufin motar. Ya kusa kaiwa saman ƙofar direba aka ɗauke wuta. Injin ya yi ƙara ya mutu. Cikin shirun sai ya ji ƙarfen rufin, da ya ɗauki zafi, yana ƙas, ƙas, ƙas, daidai gefen hannunsa.

Ya duba wurin. Shati ne a jere, ƙanana, sun fi sauran fentin duhu da santsi. Biyu suna nan sarai. Na gefensu ya kusa ɓacewa, bakin soson ya riga ya bi ta kansa. Bayan shi kuma babu komai sai sheƙi.

Aziza ta ɗaga ƙafa ta leƙa.

"Nan babanmu yake riƙewa," in ji ta. "Ka manta? Ya sauke gilashi, ya fitar da hannu ya kama rufi. In an tsaya a go-sulo a Tunga yana ƙwanƙwasawa har Nna ta ce ya isa." Nna suke kiran mahaifiyarsu.

Bai manta ba. Ya ɗora yatsunsa a kan shatin. Sun shiga daidai. Ƙarfen da ɗumi.

Wuta ta dawo, injin ya yi tsalle a kan benci don bai kashe shi ba. Ya cire wayar daga soket.

Bayan azahar Baba Alfa ya iso a Keke Napep tare da mai sayen, wani Mista Gaiya, mutum mai fara'a da ke da motocin haya a hanyar Bida. Gaiya ya zagaya motar yana shafa bonet.

"Ƙanena, ka iya aiki. Amma ka wahalar da kanka a banza. Kankare ta zan sa a yi gaba ɗaya, a fesa sabon fenti. Injin nake so, injin Fijo ba ya mutuwa."

"Ka ji ko," in ji Baba Alfa. "Ƙarasa wancan ɗan wurin mai datti, ka miƙa masa makulli."

Ndanusa ya dubi rufin. Daga inda yake tsaye ba a ganin shatin sai an karkata kai.

"Baba, ba datti ba ne."

"To mene ne?"

Ndanusa ya naɗe wayar injin ya mayar da shi cikin kwali. Ya roƙi Mista Gaiya gafara a kan zuwan da aka sa ya yi. Gaiya ya dubi Baba Alfa, ya dubi Aziza, ya fita waje ya tsaya a inuwa.

"Kai da za ka koma ƙasar mutane?" Baba Alfa ya rage murya. "Wa zai tuƙa ta? Ruɓewa za ta yi a nan."

Ndanusa ya jira suka fito duka. Ya ja ƙofar garejin har ta haɗu, ya sa kwado.

"Ba za a sayar ba, Baba. A sa ta a rabona."