Bokitin Baba Torakichi

Shagona yana bakin gada, kuma duk wanda zai jefa ƙugiya a rafinmu sai ya biyo ta gabana ya sayi lasisi. Shi ya sa na san masunta fiye da yadda matansu suka san su. Na san mai cewa ɗan leƙawa kawai zai yi ya kai faɗuwar rana, na san mai kwando mai ciki biyu, na sama na nuna wa hukuma, na ƙasa na kai wa gida. Ba na son yawancinsu, amma ina sayar musu da shayi da dunƙulen shinkafa, ina yi musu murmushi.

Ƙanena Nobuaki shi ne mai tsaron rafin. Ƙungiyar masunta ta ɗaura masa jan ƙyalle a damtse, ta ba shi wani ɗan katako mai tsawon santimita goma sha biyar. Duk kifin iwana da bai kai katakon ba, a mayar da shi ruwa nan take, a inda aka kama shi. Wanda aka samu da shi a kwando ko a bokiti, lasisinsa ya tafi sai shekara ta zagayo. Mutanen gari suna kiran Nobuaki ɗan sandan kifi, ba ya dariya. Ni ma nakan ce masa da za a haife shi yau, sai ya auna ungozomar kafin ya yarda ya fito. Amma ba na ganin laifinsa sosai. Muna yara mun ga lokacin da 'yan birni suka riƙa cika leda da 'ya'yan kifi suna soyawa da gari, har rafin ya zama sai ka wuni ba ka ga inuwar komai ba. Katakon nan ne ya dawo da ɗan abin da ya dawo.

Sai dai abin da ya dawo ba namu ba ne. Kifin kiwo ne, wanda ake kawowa cikin tanki duk bazara, fari fat, mai gutsurarren wutsiya. Namu na asali baƙi-baƙi ne, cikinsa launin lemo, da ɗige-ɗige masu ja a gefe. Ya rage a gurbi ɗaya tak, can ƙasan magangarar ruwa, bayan tsohuwar ma'aikatar katako. Kuma gurbin nan ne aka ce za a zuba wa kankare, saboda guguwar bara ta gangaro da duwatsu har ta rushe gidaje biyu. Katafila ta riga ta iso, tana fake a filin makarantar da aka rufe.

Baba Torakichi kuwa shi ne na ƙarshe cikin masu ɗaukar kifi. A da kowane kwari yana da mutum irinsa. Yakan kama ƙanana da rai, ya zuba su a bokitin katako, ya rufe da jiƙaƙƙen ganye, ya hau dutse da su ya wuce magangarar, ya sake su a wata korama da ba wanda ya sani. Ƙanana dole, domin manya ba sa jure hawan, kafin a kai rabin hanya sun juya ciki sama. Mun san mai ɗauka ba ya buɗe baki da kowa tun daga cika bokiti har ya juye shi. Mun san ba ya gaya wa kowa wurin sai mutum ɗaya a duk rayuwarsa. Iyakar abin da muka sani ke nan. Shekarun Baba sun haura tamanin, 'yarsa tana birni, kuma shi ya koya wa Nobuaki riƙon gorar kamun kifi bayan mahaifinmu ya rasu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, Nobuaki ya taso wani baƙo a gaba har ƙofar shagona. Mutum ne mai ƙiba, da riga mai aljihu kamar ashirin, da mota mai lambar birni. An zazzage kwandonsa a kan bencina: 'yan kifaye matattu, wasu ba su fi ɗan yatsa ba.

"Haba maigida," in ji baƙon, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Sun haɗiye ƙugiyar ne. Ko na sake su mutuwa za su yi. In bar wa hankaka?"

"Ka bar wa hankaka," in ji Nobuaki. "Shi ba ya sayen lasisi. Kawo naka."

"Tun asuba na baro gida fa."

"Ka koma da wuri ke nan."

Baƙon ya ciro lasisin daga hularsa ya jefar a bencin. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce ya san irinmu, mutanen ƙauye, baƙo ake yi wa doka, ɗan gari ko da taru ya kwashe rafin sai a ce al'ada ce. Na ce masa ya sha shayi ya huce, kyauta. Ya ce in riƙe abina.

Yana cikin wannan ne muka hango Baba Torakichi yana tahowa ta kan gada.

Akwai hanya ta bayan ma'aikatar katako wadda take kaiwa gindin dutse ba tare da ido ya gan ka ba, kuma ita yake bi tun kafin a haife ni. Yau ga shi a tsakiyar gada, rana tsaka, bokiti a hannu, yana tafiya yana hutawa, ruwa yana ɗiga ta gefen ganyen. Na ɗaga masa hannu ya juya. Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ci gaba da tahowa.

Ya zo har gaban Nobuaki. Ya sunkuya a hankali ya ajiye bokitin daidai ƙafafunsa, mariƙin yana fuskantarsa. Sannan ya juya baya, ya yi 'yan taku zuwa hanyar da ke hawa dutse, ya tsaya. Bai waiwayo ba.

"Af," in ji baƙon. "Ga ɗan gari ya kawo nasa da kansa. A auna mana."

"Wannan daban ne," na ce.

"Na sani, Inna. Kullum daban ne." Ya riga ya ciro waya ya ɗaga ta. "Mai jan ƙyalle, ina katakon? Ko ya gaji?"

Nobuaki ya dube ni, na dube shi. Ya durƙusa ya ɗage ganyen. Suna ciki suna kewayawa, baƙaƙe, masu cikin lemo, rabona da ganinsu da yawa haka tun ina budurwa. Ya jiƙa hannu ya kamo ɗaya, ya shimfiɗa a katako. Ko kusa bai kai ba. Bai auna na biyu ba.

"Baba," ya ce. "Ka san dokar nan. Kana wurin aka kafa ta."

Baba yana tsaye, bayansa gare mu.

"Baba, ka ce wani abu mana. Ka ce mini ka yi kuskure, ko ka ce yanzu za ka mayar. Ko me ka ce zan karɓa."

Shiru. Nobuaki ya san mai ɗauka ba zai yi magana ba, ni ma na sani, baƙon ne kawai ya ɗauka girman kai ne. Ya ce a wurinsu tsoho mai raina hukuma haka gidan tsofaffi ake kai shi. Na ce ya fita daga inuwar shagona. Bai fita ba, wayar tana sama.

"Nobu," na ce da ƙaramar murya, "jibi katafila za ta shiga gurbin nan."

"Na sani, Yaya."

"To ka mayar da su ina?"

"Inda aka kama su. In na bar wannan ya wuce, gobe da wane baki zan tsayar da wani? Kowa ya zo da bokiti ya ce shi ma ɗauka yake." Ya miƙe. "Zan kai maganar gaban ƙungiya. In sun ba da izini, ni da kaina zan raka shi."

Ya je ya tsaya a gefen Baba, ya sunkuyar da kai ƙasa sosai, ya sa hannu ya zare lasisin daga tsohuwar hular da ke kansa. Sai a lokacin Baba ya waiwayo. Bai kalli Nobuaki ba, bokitin ya kalla, yana nan inda ya ajiye shi. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dawo ya ɗauka da hannu biyu, ya koma ta kan gada, Nobuaki yana biye da shi ba tare da ya taɓa mariƙin ba, don kada a ce ya taimaka. Daga ƙofar shago ba a ganin gurbin. Na dai ga sun dawo, bokitin yana lilo a hannun Baba.

Baƙon ya mayar da wayarsa aljihu. Ya ce to yanzu ya yarda akwai adalci a garin nan. Har ya sayi dunƙulen shinkafa biyu. Na sayar masa, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan haka.

Ƙungiya ta ce za ta zauna ƙarshen wata. Katafila ba ta jira zama ba. Ranar da ta shiga, rafin ya koma ruwan kunu tun daga magangara har ƙarƙashin gada, ya kwana uku a haka. Hankaki suka cika duwatsun bakin ruwa suna cin matattun kifaye. Nobuaki ya bi gaɓa da raga tun safe har yamma, ya dawo wandonsa duk taɓo. Bai samu ko ɗaya mai rai ba. Ya daina cin abincin rana a gida, sai ya shigo bayan labulen shagona ya zauna da kwano a cinya, yana juya cokali.

Yana nan bayan labulen ranar da Baba Torakichi ya zo sallama. 'Yarsa ta matsa sai ya koma wurinta kafin ƙanƙara ta sauko, kuma tunda babu sauran kamun kifi, ba shi da hujjar ƙi. Tana cikin mota a bakin gada, inji a kunne. Ya rame, rigar birnin da ta saya masa ta yi masa yawa. Ya ɗora bokitin a kan teburina, busasshe, katakon har ya fara buɗewa.

"Ki zuba gyaɗa a ciki, Mitsue," ya ce. "Ko ki hura wuta."

Na zuba masa shayi. Na yi niyyar in yi shiru, amma bakina bai taɓa yi mini biyayya ba.

"Baba, me ya kai ka gada? Ka san yana nan. Ka ga motar baƙo. Ga hanyarka ta baya, shekara nawa kana binta. Da ka bi ta da yanzu suna can sama suna ƙiba."

Ya hura shayin.

"Na bi ta," ya ce. "Na kai dutsen farko. Sau uku ina ɗaga bokitin, gwiwa ta ƙi. Na zauna na duba, na ga ba ni zan kai su ba."

"Sai ka kawo a auna?"

"Wa ya ce aunawa na kawo?" Ya dube ni da mamaki na gaske. "Haka ake bayarwa. Ka ajiye a ƙafar mutum, ka juya, ka yi gaba. In ya ɗauka ya biyo ka, shi ke nan, ya gada. Haka kawuna ya yi mini a bakin rijiya, ina ɗan shekara sha tara. Ba wanda ya gaya mini, na dai ɗauka." Ya kurɓa. "Na zaci shi ma zai ɗauka."

Na ji kwano ya taɓa ƙasa a bayan labule. Nobuaki ya fito, jan ƙyallen yana damtsensa, shinkafa a gefen bakinsa. Ya durƙusa a kan simintin shago, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Baba, ban sani ba."

"Na ga alama."

"Ka nuna mini hanyar. Ko a bayana zan goya ka. Yau, kafin ku tafi. Ko ka faɗa mini kawai, zan gane."

Baba bai yi fushi ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Ya miƙa hannu ya cire ƙwayar shinkafar daga bakin Nobuaki, kamar yadda yake yi masa yana yaro.

"In nuna maka, ka kai me?" ya ce.

'Yarsa ta danna ham. Ya shanye shayin, ya gode mini, ya fita yana dafa bango. Nobuaki bai tashi ba har ƙarar motar ta ɓace a kwanar dutse.

Ban zuba gyaɗa a bokitin ba. Nobuaki ya ɗauke shi, kuma duk safiya kafin ya fita da katakonsa yakan cika shi da ruwa don kada ya tsage.